Fentin da Na Yi wa Motar Kakanku

Duk baƙon da ya shigo gidanmu na unguwar Harra ta Yamma a Madina, kafin a kawo masa gahawa sai ɗayanku ya ja shi zuwa ƙarshen tsakar gida, ya yaye tamfol, ya ce ga motar Jaddi, wato Kaka, Babanmu ne ya mayar da ita sabuwa. Ni kuma in sunkuyar da kai, ku ɗauka kunyar yabo nake ji. Shekaru na bar ku a kan haka, don ya fi mini sauƙi. Yanzu hannuna ya fara rawa, gwangwanin fenti ma ba na iya riƙe shi daidai, kuma mahaifiyarku, wadda ita kaɗai a gidan nan ta san abin da ya faru, ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta. In ban rubuta ba, zancen zai bi ni kabari, ku ci gaba da yabon aikin da na fi nadama a duk ayyukan hannuna.

Na zo Madina ina saurayi, daga wajen Kano, ba ni da komai sai iya fesa wa mota fenti da kuma girman kai. Na sami aiki a wata warsha a Aƙiƙ, wato garejin gyaran mota, kuma ba yabon kai ba, in na taɓa mota sai mai ita ya zagaya ta sau biyu kafin ya yarda tasa ce. A nan na san Baba, kakanku na wajen uwa. Ya kan zo sayen ɗan man inji a kwalba, tsoho dogo, baƙi, mai magana a hankali, Hausarsa irin ta mutanen da, ta gauraya da Larabcin Sudan da na Hijaz. Bai taɓa kiran sunana ba tun daga ranar farko har ya bar duniya. Mai Fenti yake ce mini, ko da na auri 'yarsa na tare a gidansa, ko da na haifa masa jikoki huɗu.

Motar kuwa ta girme shi. 'Yar Faransa ce, ta farkon zamanin da aka fara ƙera motoci, tun ba su rabu da kamannin keken doki ba. Silinda ɗaya gare ta, ba rufi, ba gilashi, kujera ɗaya ta fata mai ɗaukar mutum biyu, fitilun tagulla irin na aci-bal-bal, ƙafafunta na katako, kuma da hannu ake murɗa wani ƙarfe a tayar da ita. Baba ya ce mahaifin wani attajirin dabino ne ya kawo ta daga Sham, ta yi ɗan yawonta a garin nan mutane suna gudu suna salati, sannan wani abu ya karye a cikinta aka rasa mai gyarawa, aka tura ta rumfa. A gidan wannan attajiri Baba ya yi aiki tun isowarsa, a rumfar yake kwana kusa da ita. Da aka zo faɗaɗa Masallacin Annabi, rusau ya ci tsohon gidan, magada suka tambaye shi abin da yake so na tunawa da hidimarsa. Ya bar darduma, ya bar agogon bango, ya ce a ba shi wannan. Suka yi dariya suka ɗora masa ita a babbar mota har ƙofar gida.

Yadda yake kula da ita ya isa a zauna a kalla. Ya ɗora ta a kan baƙaƙen duwatsun Harra guda huɗu don kada ƙafafun su ɗauki nauyi. Da rani, lokacin da zafin Madina ke busar da katako har ya tsage, kullum da safe sai ya jiƙa buhunan algarara ya lulluɓe ƙafafun da su. Fatar kujera da kitsen rago yake shafe ta, kaɗan-kaɗan da yatsa. Ranar Juma'a ya ɗiga mai a cikin silinda, ya murɗa ƙarfen sau bakwai a hankali don kada injin ya daskare, ko da yake ba ta taɓa tashi ba a idona. Bayan la'asar kuma sai ya hau, ya zauna a gefen direba, ya sauke hannun dama ƙasa wajen allon katakon da ke gaban gwiwa, leɓunansa suna motsi. Duk gidan mun ɗauka salati yake yi, don Juma'a ce, kuma Madina ce. Ba mai zuwa kusa da shi a wannan lokaci.

Abu ɗaya ne ba ya yi, shi ne abin da ke ci mini rai. Bai taɓa sa mata fenti ba. Launinta na asali, wani kore mai duhu, ya koɗe ya tsattsage, wani wurin katako tsirara. Ni da nake mayar da motocin mutane sababbi, a ce a cikin gidan da nake kwana akwai wannan abin kunya. Na sha yi masa tayi.

"Baba, ka ba ni ita mako biyu kawai. Wallahi sai ka ƙi gane ta."

"To ai shi ne abin tsoron, Mai Fenti. Bar ta haka, mun saba da juna."

Na ɗauka kawaici ne irin na surukai, ba ya son ɗora mini nauyi. Haka na fassara maganar, don haka nake so ta zama.

Shekarar da abin ya faru, yanar ido ta rufe masa idanu biyu, har sai an riƙe hannunsa zuwa masallaci. Aka ce a kai shi Jidda a yi masa aiki, ya zauna gidan babban ɗansa har ya warke. Mahaifiyarku ta tafi da shi, ta ɗebe ku duka, lokacin ɗan'uwanku Yusuf yana shekara tara. Da zai shiga mota ya kama hannuna ya ce kada in manta da buhunan, kada in manta da man Juma'a. Na ce ya kwantar da hankalinsa. Amma tun kafin su bar unguwar na riga na yanke shawara. Na ce a raina, mutumin nan ya ba ni 'yarsa ba tare da ya tambayi gidanmu nawa ba, ya yi ta sintiri ofis-ofis shekara biyu kafin takardun aurenmu su fito, ban taɓa yi masa wani abu da ya kai ya kawo ba. Ranar da zai dawo da idanu, abin da zai fara gani shi ne motarsa tana walƙiya. Allah ya sani, da zuciya ɗaya na yi niyyar.

Mako shida na yi a kanta. Ban taɓa yi wa mota aiki da ƙauna irin wannan ba. Na kwance fitilun na goge tagullar har tana ɗaukar ido. Na kankare tsohon fentin da hannu, ban yarda inji ya taɓa ta ba. Na haɗa kore har kala biyar kafin na sami wanda ya dace da ɗan ragowar da na gani a ƙarƙashin kujera. Don aikin katako na ɗauko Usta Bukar, wani kafinta mutumin Cadi da ke zaune a Al-Ranuna, dattijo mai tsoron Allah. Yana duba jikinta sai ya durƙusa wajen allon nan na gaban gwiwa, ya daɗe bai ɗago ba. Ta ƙasa-ƙasa, inda ido ba ya kaiwa sai an sunkuya, akwai wasu zane-zane a jere, an ƙwaƙule su da ƙusa ko bakin wuƙa. Ɗaya kamar ƙwarya, ɗaya layi uku a tsaye, ɗaya kamar ƙugiya, haka dai. Gefensu ya yi sumul, ya yi baƙi.

"Ya Usta Haruna, wannan fa hannu ne ya yi shi," in ji shi. "Kuma hannu yana yawan bi ta kai. Dubi yadda ya yi santsi."

"Yaran gidan attajiri ne suka yi ɓarnarsu tun zamanin da."

"Mai yiwuwa. Amma da ni ne, sai in bari mai ita ya dawo."

"In na jira shi ai ba sauran abin mamaki. Halas, magana ta ƙare, cike su."

Ya ƙi. Ya ce zai yi mini duk sauran aikin, amma wannan allon ba da hannunsa ba. Na ji haushi, na ce tsufa ne. Da ya tafi na ɗauko samfefa da kaina, na goge allon har ya zama fari, ramukan da suka yi zurfi na cike su da garin katako da gam, na sake gogewa, na shafa banish hawa uku. Na tuna har na ja da baya na yaba wa kaina, na ce ko mai ƙera ta bai fitar da ita haka ba. Aikin allon bai wuce daga azahar zuwa magariba ba.

Sun dawo ranar Alhamis da hantsi. An dace da ido ɗaya, ɗayan bai yi ba. Bayan gaishe-gaishe da shan ruwa na ce Baba ya zo tsakar gida, na yaye tamfol. Ku yara kuka hau tsalle. Mahaifiyarku ta rufe baki da hannu tana masha Allah. Shi kuwa ya tsaya, ya daɗe yana kallo da idon nan ɗaya, sannan ya taka a hankali ya zagaya ta, ya taɓa fitila, ya taɓa kujera.

"Ka iya aiki, Mai Fenti," ya ce. "Allah ya yi albarka."

Sai ya hau ya zauna, ko da yake ba Juma'a ba ce, ya sauke hannun dama. Ina tsaye ina kallon hannun. Ya bi allon daga wannan gefe zuwa wancan, ya dawo, ya sake bi, ya ƙara yin ƙasa, ya lalubi ta bayansa. Fuskarsa ba ta canza ba, yatsun ne kawai suka ci gaba da nema. Can ya ɗauke hannun ya ɗora a cinya, ya ce ya gaji da hanya, a kai shi ɗaki. Bai ci abincin rana ba.

Washegari bayan la'asar bai fito ba. Mahaifiyarku ta same ni ta ce, "Abu Yusuf, Baba na kira. Ka ɗauki takarda da biro." Na shiga na durƙusa a bakin shimfiɗarsa, ita ta zauna daga ƙofa. A ranar na ji labarin da ko 'ya'yansa ba su taɓa ji cikakke ba. Su goma sha huɗu suka taso daga wani ƙauye a ƙasar Haɗeja da niyyar aikin hajji a ƙafa, shi yana ɗan shekara goma ko kusa. Shekara bakwai suka yi a hanya, suna tsayawa su yi noma ko dako su sami guzuri su ci gaba, ta Wadai, ta Kordofan, har bakin teku a Sawakin. Su uku suka iso. Sauran goma sha ɗaya an binne su a inda suka faɗi, wani a gindin bishiya, wani a rairayi, ba alama, ba mai komawa. Da ya sami wurin kwana a rumfar attajiri, bai iya rubutu ba, ko na allo bai yi nisa ba, sai ya ji tsoro kada ya manta da su. Ya sami ƙusa ya yi wa kowa alama a jikin motar da yake kwana kusa da ita, bi da bi yadda suka rasu. Ƙwarya mahaifiyarsa ce. Layi uku kawunsa ne, mai tsaga uku a kumatu. Ƙugiya wani masunci ne. Kowace Juma'a, fiye da shekara hamsin, yana bin su da yatsa, yana kiran sunan kowa yana nema masa gafara.

Na ce, "Baba, me ya hana ka gaya mana?"

"Ya waladi, ɗana, ka san garin da muke. Baƙin mutum irina, ya zauna yana shafa zane a katako yana motsa baki. Wani zai ce bidi'a, wani zai ce sihiri. Ina da 'ya'ya a makaranta, ina da takardu da zan kare. Na ga shiru ya fi."

Bai yi mini faɗa ba. Da ya zage ni, da ya kore ni daga gidansa, da na sami abin riƙewa. Cewa kawai ya yi tun da idonsa ya fara rufewa kansa ma ya fara zuba, sunayen ba sa zuwa sai yatsa ya taɓa alamar, don haka in rubuta yanzu tun da sauran abin da ya rage. Ya lumshe ido, ya miƙa hannu yana shafa iska, yana kira ina rubutawa. Inna. Kawu Ibra. Hajara ƙanwarsa, wadda zazzaɓi ya ɗauke a Wadai tana shekara huɗu. Malam Sani masunci. Haka har ya kai tara, sai ya tsaya. Muka jira. Ya koma farko, ya sake jerowa, ya sake tsayawa a tara. Ya ce akwai wani mutum da ya cire takalmansa ya ba shi lokacin da ƙafarsa ta fashe, yana ganin fuskarsa sarai, yana da giɓi, amma sunan ya ƙi zuwa. Na ƙarshen kuma ko mace ce ko namiji bai sani ba. Ya san dai goma sha ɗaya ne.

Na yi duk abin da na iya. Na kwance allon na wanke banish ɗin, na kai shi rana na karkata shi ko inuwa za ta nuna ramukan, na ɗauko Usta Bukar ya tono garin katakon da allura. Bai ce mini ai na gaya maka ba, Allah ya saka masa. Mun fito da huɗu masu zurfi, duk cikin waɗanda Baba ya riga ya tuna. Sauran samfefa ta cinye su, don na iya aikina. Na nemi sauran mutum biyun da suka iso tare da shi, aka ce ɗaya ya rasu a Makka tun ban zo ƙasar ba, ɗayan ba a san inda ya shiga ba. Na aika wasiƙa gida ta hannun wani alhaji, aka je ƙauyen, aka ce tsofaffin da za su sani duk sun ƙare. Da na mayar da allon, Baba ya hau sau ɗaya ya taɓa, ya sauko, bai sake hawa ba. Buhunan da man Juma'a suka dawo hannuna, har yau ni nake yi.

Shekara biyu ya ƙara a duniya. Kowace Juma'a bayan la'asar ni nake zama kusa da shi in karanto sunaye tara yana cewa Allah ya jiƙansa, Allah ya jiƙanta. In mun gama sai ya yi shiru yana jira, ni ma in yi shiru, har a kira magariba. Wannan jiran shi ne abu mafi nauyi da na taɓa ɗauka. Ban taɓa fita daga ɗakin ba tare da na ji ni ne na sake binne mutum biyu ba, bayan wani yaro ya ɗauko su a kansa tun daga hamada ya kawo su birnin Annabi. Sau ɗaya na roƙe shi gafara da kuka, na kifa kaina a gwiwarsa. Ya dafa ni ya ce ya yafe tun ranar, ai don shi na yi. Sannan ya ce, a hankali, su mamatan ne dai bai san yadda zai gaya musu ba.

Kwana biyu kafin rasuwarsa, da rana tsaka, ina tsakar gida ina matse buhu, na ji yana kira da wata murya mai ƙarfi da na daɗe ban ji ba. Na shiga da gudu, mahaifiyarku tana biye da ni. Ya ɗago kai daga matashi, fuskarsa a sake, yana murmushi.

"Mai Fenti, kawo takardar. Na tuno ɗaya."

Na ɗauko.

"Rubuta. Hajara."

Na dubi takardar. Hajara tana nan, ta uku, da rubutuna. Na ce, "Wace Hajara, Baba?" Ya ce ƙanwarsa mana, 'yar ƙarama, wadda zazzaɓi ya kama a Wadai, yaya aka yi ya manta da ita duk wannan lokaci. Na ɗago na dubi mahaifiyarku, ta dube ni, hawaye na zubo mata. Na sunkuya na rubuta a layi na goma.

"Nawa ke nan?" ya tambaya.

"Goma, Baba."

"Alhamdu lillahi. Saura ɗaya. Zai zo."

Ya mayar da kai ya yi barci mai daɗi, irin wanda ya daɗe bai yi ba. Ranar Lahadi muka kai shi maƙabartar Baƙi'a.

Takardar ita ce wadda kuka tashi kuna ganin mahaifiyarku tana fitarwa daga jakar Alƙur'ani ranar Juma'a, ita ce kuka haddace, ita ce na ji 'yar'uwarku Maryam tana koya wa 'ya'yanta da Larabci. Yusuf ya taɓa tambayata yana yaro me ya sa Hajara ta fito sau biyu, na ce masa suna ne mai yawa a wancan zamani. Ƙarya na yi maka, Yusuf. Hajara ɗaya ce. Ku ci gaba da kiranta sau biyu in kuna so, yarinya ce, ba ta sami mai yi mata addu'a da yawa ba. Amma in kun kai ƙarshe kada ku tashi da wuri. Mutum biyu ne ba su da suna, mai takalmi da wani, kuma ni na goge su.